Hedfon ɗin da Ya Rasu da Lafiyarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata tambaya da ta ƙi fita daga cikinta, Kyaftin da iyalinsa suna sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar hedfon ɗinsa, abin sauraron da yake sawa a kunne wajen tuƙin jirgin sama, wanda ma'aikatan rumfar jirage ke kira Dattijo. Tambayar ita ce: idan aka rubuta wa mai lafiya takardar mutuwa, aka sa hannu, aka buga hatimi, mutuwa ya yi ko kashe shi aka yi? Kwana goma sha ɗaya Kyaftin yana juya ta, bai ga bakinta ba.

Marigayin ya shekara ashirin da uku a kan mai shi. Ranar da aka zaɓe shi, iri biyu mai shago ya ajiye a kan kanta. Ɗaya mai batir ne, yana haɗiye ƙarar inji har mutum ya ji kamar a falo yake zaune. Ɗayan ba batir, ba wata dabara: marfi biyu masu kauri, soso a ciki, roba mai laushi da ke manne wa gefen kai, da ƙarfen da ke matse su. Da jikinsa yake tare ƙara, abin da ya fi ƙarfinsa ya bar shi ya wuce. Kyaftin, wanda ya fara da sifana a hannu tun kafin a yarda ya zauna a kujerar matuƙi, ya sa kowanne ya zauna da shi, ya girgiza kai ya ga ko zai zame, ya tura yatsa ta gefen gilashinsa ya ji ko akwai kafa. Ya ɗauki maras batir. Dalilinsa biyu ne: abin da ba ya cin batir ba zai mutu masa a sama ba, kuma ba ya son a ɓoye masa muryar inji.

Dattijo ya kasance mai haƙuri da riƙon amana. Ya sha zufa, ya sha rana a kan kujera, ya faɗi ƙasa ba adadi bai taɓa yin ƙorafi ba. Aibinsa ɗaya, yana matse kai, har ya bar wa mai shi shata a tsakar ka inda gashi ya daina fitowa. Duk maganar da aka ba shi yakan isar da ita yadda take. Shi ya isar da muryar malamin da ya koya wa Kyaftin tuƙi: "Kai makanike, ba keken ɗinki ba ne, sassauta ƙafa!" Shi ya yi ta isar da muryar nas ɗin da suke ɗauko marasa lafiya tare daga ƙauyukan da mota ba ta kaiwa: "Kyaftin, don Allah taka shi, baiwar Allahn nan naƙuda take, ni kuwa ban iya karɓar haihuwa cikin gajimare ba." Shi kuma ke isar da muryar matar da ke hasumiyar filin jirgi duk yamma: "Tsoho ka dawo? Titi naka ne, sauko."

Wajibi ne a ambaci wata ɗabi'a ta mai shi, domin ita ce asalin ciwon. Kullum kafin tashi, idan ya tsaya a bakin titi ya ɗaga wutar inji, sai ya sa yatsa biyu ya ɗage marfin hagu, ya saurari injin tsirara na rabin minti. Ba a koyar da haka a ko'ina, shi ya koya wa kansa. Sau biyu ya ji tangarɗar da alluran gaban matuƙi ba su nuna ba, ya juya da jirgin rumfa, sau ɗaya da mutum shida a ciki. Waɗannan shida suna raye. Rabin minti kuwa, wata rana sau huɗu, shekara ashirin da uku, shi ma yana nan a kunnen hagu, bai tafi ko'ina ba. Ko za a kira wannan ɗabi'a alheri ko ganganci, Kyaftin ya bar wa waɗanda suka fi shi sani.

Rashin lafiyar ta zo a hankali. An fara ƙara wa marigayin murya kaɗan-kaɗan har maɓallin ya kai ƙarshe. A gida 'yar Kyaftin ta lura mahaifinta yana juyo mata da gefen dama idan tana magana, daga baya gefen daman ma sai ya haɗa da kallon baki. Ta yi masa zancen likita, ya ce ita ce ke magana ƙasa-ƙasa kamar uwarta.

Ranar da abin ya faru suna sauka ne da wani tsoho da ya karye a ƙugu. Motar kashe gobara ta mace a tsakiyar titi. Sau uku hasumiya ta kira: "Kada ka sauka, tashi ka zagayo!" Marigayin ya isar da saƙon duka ukun. Nas ce, da ke sanye da nata hedfon, ta kai wa Kyaftin duka a kafaɗa: "Cewa ake ka tashi!" Tayoyin jirgin sun wuce rufin motar da abin da bai kai tsayin mutum ba. Da aka ba shi takardar rahoto, Kyaftin ya rubuta da hannunsa cewa hedfon ɗinsa ya lalace.

An kai gawar wurin Injiniya mai gyaran rediyo, abokin Kyaftin na shekara talatin. Ya buɗe, ya auna kowace waya, ya mayar. Sannan ya ɗora shi a kan mai shi, ya jona, ya juya masa baya, ya yi magana a makirufo. Kalmomin ƙarshe da Dattijo ya ɗauka ke nan, kuma sai daga baya Kyaftin ya san su: "Kai tsohon makanike, mai tura baro ya fi ka iya tuƙi. In kana jina, rama." A shekara talatin Kyaftin bai taɓa barin tsokanar Injiniya ta wuce ba. Ranar ya tsaya yana jiran a fara gwajin.

Injiniya ya roƙe shi ya janye rahoton ya je a auna kunnensa da gaskiya, domin ya san yadda yake cin gwajin kowace shekara: ta gilashin ɗakin awo yake kallon yatsar mai awo, in ta motsa ya danna maɓallin cewa ya ji. Kyaftin ya ƙi. Da kansa ya ɗaura wa Dattijo jan katin da ake ɗaura wa kayan da suka mutu, ya ari na batir, ya sake tashi sau biyu.  Daga tashi har sauka hannun nas yana rataye kusa da kafaɗarsa, ba ta sauke shi ko da za ta duba mara lafiya ba.

Marigayin ya bar jakarsa mai karyayyen zif, da filogi biyu da suka goge da shiga da fita, da soson makirufo na bakwai, da gilashin ido wanda suka yi zaman haƙuri da shi. Ya bar kunne biyu da ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kansu. Ya kuma bar mai shi, wanda bai iya wani aiki ba bayan wannan.

Za a yi masa rakiya ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe a rumfar jirage. Injiniya zai kwance jan katin, a goge marigayin, a naɗe wayarsa, a sa shi a jakarsa. Ba a bukatar jawabi. Masu son yin ta'aziyya su tsaya a gaban Kyaftin, su ɗaga murya. Daga nan zai shiga ofis ya sake rubuta rahoton, ya cire sunan Dattijo ya sa nasa. Ƙarfe goma sha ɗaya 'yarsa za ta kai shi ɗakin awo, inda ya riga ya roƙi a juya masa kujera ta fuskanci bango.