Jar Motar Shugaban Gobe

A duk layin masu sayar da kayan gini babu mai hangen nesa irin dillalin tayil ɗin nan da ake kira Shugaban Gobe. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya hutar da jama'a wahalar nema. Da zaɓen ƙungiyar 'yan kasuwa ya matso, abokin takararsa, wani mai shagon fenti, ya dinga bi shago-shago yana gaisuwa. Gwanin namu kuwa ya fi ƙarfin wannan ƙaramin aiki. Sai ya sayo mota.

Mota ce irin ta tsere, ja wur, kujera biyu tak, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Dabararsa ita ce ranar zaɓe ya shigo da ita harabar zauren taro, ya taka totur ta yi gurnani, ƙuri'u su zubo da kansu.

Wanda ya sayar masa ya ce ya ɗan lallaɓa ta tukuna, kada ya matsa wa injin sai ya saba da aiki. 'Yar magana ce aka yi a tsaitsaye, amma a hannun Shugaban Gobe sai ta zama ilimi mai zurfi. Kullum da safe sai maƙwabta sun sha lacca.

"Ku da kuka saba da kwaraɓaɓɓun motoci ba za ku gane ba," in ji shi, yana shafa bonet da hankici. "Sabon inji jariri ne. Ba a firgita shi."

Bai kuwa firgita shi ba. Masu keke sukan wuce shi har da ɗaga hannu. Wata tsohuwa ma ta taɓa jerawa da shi a ƙafa, suka gaisa, ta tambayi iyali, ta yi gaba abinta.

Ranar zaɓe matarsa ta ci kwalliya ta fito. Ya dube ta, ya dubi kujerar da ko ledarta ba a cire ba.

"Uwargida, ƙarin nauyi yana wahalar da sabon inji."

"To maigida, kai gashin tsuntsu ne?" Ta juya ta tare tasi.

Ya kunna injin ya bar shi ya ɗumama. Ya kashe don ya huta, ya sake kunnawa. A hanya ya tarar da tudun rage gudu. Ya fito, ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashin mota, sannan ya yanke hukuncin kewayawa ta bayan gari. Wayarsa ta yi ta ƙara, bai ko kalle ta ba, don ƙwararren direba ba ya raba hankalinsa biyu. Matar ce, baiwar Allah, take son gaya masa an fara kiran 'yan takara, kuma a dokar ƙungiya wanda ba ya cikin zaure ba a zaɓensa.

Ya iso daidai lokacin da jama'a suke fitowa. Zuciyarsa ta yi fari ƙal, ya ɗauka tarbarsa aka fito yi. Ya gyara zama, ya ɗora ƙafa a kan totur, sai kuma tausayin injin ya kama shi, ya janye.

Su kuwa jama'a abin da suka gani shi ne mota tana jan ciki, mai ita ya jiƙe sharkaf da gumi, don ko na'urar sanyi ya ƙi kunnawa. Mai fenti, wanda aka gama rantsarwa yanzun nan, ya naɗe hannun riga.

"Allah sarki, ɗan'uwa! Sabuwa fil har ta mace? 'Yan ƙungiya, ga aikinmu na farko. Ku kama mu tura!"

"Lafiyarta ƙalau!" Shugaban Gobe ya ƙwala ihu ta taga. "Ku cire mini hannuwanku!"

Ina! Babu wanda ya ji shi. 'Yan siminti da masu rodi suka taru a baya, suka sa ƙarfi tsakaninsu da Allah, sabon shugaba yana ba da umarni. Ranar ce motar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo hannunsa.