Ranar da Barewa Ta Kira Sunan Ɗanta

A wani daji mai yalwar ciyawa, inda rafi ya raba gabas da yamma, dabbobi sun daɗe da barin faɗa da ƙaho da farce, sun mayar da gabarsu kan ƙwallo. Ƙwallon giginya ake bugawa a wani fako da aka share tsakanin kukoki, kuma duk abin da ya shafi wasan yana hannun Majalisar Fili.

Shugaban majalisar Toron Giwa ne. Sau ɗaya ya taɓa taka ƙwallo a rayuwarsa, ranar kuwa ba a sami abin da za a ci gaba da bugawa ba, amma da yake ya fi kowa murya sai aka ga ya dace. Mai horarwa Kunkuru ne, wanda ya ce babu wanda ya kai shi sanin gudu, tun da kowa ya sha wuce shi yana kallo. Likitar 'yan wasa Ungulu ce. A kan wani busasshen reshe take zama, daga can take duba marasa lafiya, kuma kowa ya shaide ta da haƙuri. Sai Dila, wanda ba shi da muƙami, amma ba a zama sai da shi, domin shi ne dillalin da ke kai yaran dajin manyan dazuzzuka na nesa.

Majalisar tana da hanyarta ta gwada lafiyar ɗan wasa. Kafin kowane wasa, sai a tsayar da yaro a gaban manya, shugaba ya dube shi ya ce, "Yaro, za ka iya?" In ya ce zai iya, likita ta gyaɗa kai daga bisa, shi ke nan an gama gwaji. To, tun da aka kafa dajin ba a taɓa samun yaro mai tarbiyya da ya dubi idon manya ya ce ba zai iya ba. Saboda haka majalisar takan yi alfahari cewa ba ta taɓa sa marar lafiya a fili ba. Waɗanda suka faɗi ba su tashi ba, wannan kuma ƙaddara ce.

Akwai kuma wata doka da ba a wasa da ita: duk gidan da ya ci mutuncin majalisa, ɗansu ba zai taka fili ba sai damina ta wuce. An taɓa zartar da ita a kan gidan Biri, da kakarsu ta yi hamma shugaba yana jawabi.

A yammacin rafi akwai wata barewa mai suna Tabawa, da ɗanta na fari Korau. Kamar kowace uwa a dajin, Tabawa tana yi wa ɗan fari kara. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a cikin jama'a. In za ta kira shi sai ta ce, "Kai, yaron nan." Amma ita ke zaɓar masa ciyawar da raɓa ba ta sa ta tsami ba, ita ke korar abokansa in lokacin hutunsa ya yi.

Korau ya iya ƙwallo. Yana bugu da hagu kamar yadda yake bugu da dama, in ya yanke mai tsaron baya sai ka ga bawan Allah yana neman inda ya ajiye ƙafafunsa. Duk da haka ya daɗe a benci, domin tsohon ɗan wasan gaba, Gwanki, ya ce shi bai ga alamar tsufa a jikinsa ba, majalisa kuma ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai wata rana Gwanki ya tafi shan ruwa a hutun rabin lokaci, barci ya ɗauke shi a bakin rafi. Aka rasa yadda za a yi, aka sa Korau. Ya zura ƙwallo a raga har sau biyu.

Daga ranar majalisa ta gano cewa ita ta reni yaron tun yana ƙarami. Wanda da ba a sa shi, yanzu ba a cire shi. Ya buga wa manya, ya buga wa matasa, ya buga a wasan sada zumunci, in shugaba ya yi baƙi a aika ya zo ya nuna musu yanka. Abin da aka hana shi a shekaru, aka ɗura masa a wata guda.

Tabawa ce ta fara lura, a bakin rafi. Da can in Korau zai sha ruwa, yakan buɗe ƙafafu ya sunkuya kai tsaye. Yanzu sai ya karkata, ya ɗora nauyinsa a dama, ƙafar baya ta hagu tana taɓa ƙasa da ƙyar. Da suka koma gida ta shafa bayan ƙafar, ta ji jijiyar ta kumbura, da zafi kamar dutsen da ya sha rana.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Ba komai, Inna. In na fara gudu yana saki."

"In ka tsaya fa?"

Ya janye ƙafar.

"Wannan jijiyar ita ce jarinka," ta ce. "Targaɗe ne yanzu, hutu da gashi sun ishe shi. In ta tsinke, babu mai ɗorin da zai haɗa ta. Barewa mai ƙafa uku ba ƙwallo kaɗai ta rasa ba. Ka san dajin da muke ciki."

"Inna, wasan gabas da yamma ya matso. Dila ya ce baƙi za su zo daga Babban Daji don su gan ni. In na zauna, Gwanki zai dawo, ko a sa wani. Na san ɗanɗanon bencin nan."

"To ka gaya musu gaskiya in sun tambaye ka."

Ya dube ta kamar ta ce ya tashi sama. "A gaban manya? Ke kika koya mini ba a musu da babba."

Tabawa ta san gaskiya ya faɗa.

Ranar gwaji aka taru a inuwar kuka. Kafin a fara, Tabawa ta matso ta durƙusa, ta yi gaisuwa yadda ya kamata.

"Ranka ya daɗe," ta ce, idonta a ƙasa, "akwai wani yaro a gidanmu da ƙafa take damunsa. Na ce ko likita za ta sauko ta taɓa ta gani."

Ungulu ta gyara fiffike. "'Yar nan, aikin likita ba na gaggawa ba ne. Ni in abu ya kai a sauko, ba a kirana ma nake saukowa."

Kunkuru ya miƙo wuya. "Ranka ya daɗe, ni nake horar da yaron. Na dube shi jiya yana gudu, ban ga inda ya rage ba, har yanzu ya fi ni sauri. Ciwo kuma ai gishirin wasa ne. Kowa ya ci zomo ya ci gudu."

Dila ya yi murmushi. "Allah ya ja zamanin shugaba, ni tausayin baiwar Allah nan nake ji, don ba ta san abin da take shirin turewa ba. Baƙin nan ba kullum suke zuwa ba. A Babban Daji ciyawa har gida ake kai wa ɗan wasa. Wasa ɗaya ne fa. In ya wuce can, su suna da likitoci masu saukowa ƙasa, sai su gyara abin da ya lalace."

Toron Giwa ya ɗaga hanci, aka yi tsit. "Mun ji kowa. 'Yar nan, mun yaba da ladabinki, amma ke da kanki kin sani, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma majalisar nan ba ta aiki da zato, tana da tsari. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A kawo yaron."

Korau ya fito. Ya taka a hankali, ya daure bai yi ɗingishi ba, Tabawa kaɗai ta ga yadda kunnensa ke rawa duk lokacin da ƙafar ta sauka.

"Yaro, za ka iya?"

"Zan iya, ranka ya daɗe."

Ungulu ta gyaɗa kai. Jama'a suka fara watsewa.

Tabawa ta dubi ƙafar, ta dubi reshen da likita ke kai. Ta tuna da kakar Biri. Sai ta miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban majalisa.

"Korau," ta ce.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma sunan ya ratsa taron kamar an jefa dutse a rijiya. Matan da ke gefe suka rufe baki. Korau kansa sai da ya waiga, don bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba.

"Korau ɗana ne, na fari, kuma duk dajin nan babu mai ƙafa irin tasa. Na faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun tambaye shi abin da kuka san ba zai iya amsawa ba sai da abin da kuke so, kun kira wannan gwaji. Mu muka koya musu kunya, ku kuka mayar da ita igiya. Shugaba, kai da kake tambayar yara ko za su iya, yaushe rabonka da gudu? Ka zagaya filin nan sau ɗaya, in ka dawo da numfashinka, ni da kaina zan kawo maka yaron."

Wani ɗan biri ya yi dariya a kan reshe, uwarsa ta make shi.

An daɗe ana shawara. Abin lura shi ne, a duk jawaban da aka yi babu wanda ya ambaci ƙafa. Kunkuru ya yi magana a kan lalacewar tarbiyya. Wata tsohuwar Jimina ta ce ita ta haifi 'ya'ya ba adadi, ba ta taɓa sanin sunan na farin ba ma, balle ta kira. Dila ya so ya roƙi sassauci, ya dubi fuskar shugaba, ya lissafa, sai ya tuna cewa ɗan Gada ma yana da sauri, kuma baƙi daga nesa ba lallai su bambance barewa da gada ba.

A ƙarshe Toron Giwa ya yanke hukunci. "Saboda cin mutuncin da gidan Barewa ya yi wa wannan majalisa, an dakatar da ɗansu daga fili har damina ta wuce. Ba wasa, ba atisaye, ko gudu kada a ga ya yi a kusa da nan. Wannan ya zama darasi."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Tabawa. Aka ɗauka nadama ce.

 Da suka isa gida Korau ya kwanta ya juya wa uwarsa baya.

"Kin kashe ni, Inna. Kin kunyata ni a gaban duniya."

"Na ji. Miƙo ƙafar."

"Baƙin za su tafi da wani."

"Za su tafi da shi. Wata shekara ma za su zo, Dila ba zai bar su su manta hanya ba. Ko ba su zo ba, ina so in an yi kururuwa a dajin nan ka iya tsere wa abin da ya biyo ka. Miƙo, ruwan gashin zai huce."

Ya daɗe kafin ya miƙa. Ta gasa jijiyar, ta ɗaure da ganye, ta ajiye masa ciyawa inda ba sai ya tashi ba.

Ba a bar ta ta sha da daɗi ba. Mata suka daina amsa gaisuwarta da kyau, in ta iso rafi sai hira ta mutu. Har waƙa 'yan mata suka yi wa marar kunyar da ta kira sunan ɗan fari. Tabawa takan sha ruwanta ta koma gida, domin gashin ƙafa ba ya jiran a gama gulma. Sannu a hankali kumburin ya saɓe. Wata safiya ta ga Korau ya buɗe ƙafafu ya sunkuya kai tsaye ya sha ruwa. Ta kau da kai, ta koma karar da ta saba.

Ana gab da babban wasan, uwar ɗan Gada ta same ta ita kaɗai a bakin rafi. Tun da aka ba ɗanta gurbin Korau, shi ma kullum yana fili. Ta waiga hagu da dama kafin ta yi magana.

"Yaya Tabawa, ta yaya kika gane?"

"Ki dube shi in zai sha ruwa."

"Na duba," in ji Gada, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yana karkata."

"To kin san hanya."

Gada ta dubi ruwan. "Shi ma na fari ne. Ni ba zan iya ba."

A iya sanin dajin, wannan ne karo na farko da wani ya furta wannan kalma, sai dai ba a gaban majalisa aka furta ta ba.

Ranar wasa ganguna suka tashi tun da hantsi. Korau yana kwance a gindin wata tsamiya, yana jin ihun 'yan kallo daga nesa, ƙafarsa tana motsi ita kaɗai duk lokacin da aka yi shewa. Uwarsa tana gefe tana tsince masa ƙaya daga ciyawa. A fili kuwa an tsayar da ɗan Gada a gaban manya da baƙi, an yi masa tambaya, ya amsa da ladabi, uwarsa tana can baya idonta a ƙasa, kowa yana yaba tarbiyyar gidan.

Likita ta gyaɗa kai. Da aka busa usur, sai aka ga ta bar reshenta na kullum, ta dawo na ƙasa da shi.