Ranar da na saka Magajiya cikin mamata

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta ƙarar murfin tukunyar nan. Ƙwal! Ya suɓuce daga hannun surukata, Mma, sai salati ya biyo baya. Na fito da ludayin koko a hannu, na tarar ta zura wa 'yar tabilet ɗinta ido tana hawaye.

"Innalillahi! Magajiya ta rasu, ba wanda ya gaya mana!"

Bari in koma baya kaɗan. Na yi 'yan watanni ina koyon haɗa shafin intanet a wani ajin mata a Adum, can tsakiyar gari, sai ƙungiyar matan unguwarmu a Zango ta ba ni aikin shafinta. A kwamfutar maigidana mai faɗin fuska na yi shi. A hagu na rubuta "Shugabanninmu", a dama "Waɗanda suka riga mu, a sa su a addu'a", sannan na jera hotuna a ƙasa. Ya yi kyau paa, kyau ba kaɗan ba! (Sau uku na kira maƙwabciyata wai ta ba ni shawara. Yabo nake nema, Allah Ya yafe mini.) Malamarmu ta sha cewa mu gwada aiki a ƙaramin allo kafin mu sake shi. Ina jin ta, ina kaɗa kai, hankalina yana kan miyar da na baro a gida.

Na manta tsofaffinmu ba su da kwamfuta. Tabilet 'ya'yansu ke aiko musu, don sauraron karatu da ganin jikoki. A ƙaramin allon, kanun biyu suka rasa wurin zama gefe da gefe, na mamata ya sauko ƙarƙashin na shugabanni, hotuna suka biyo baya. Na farko kuwa Magajiya ce, shugabarmu, da murmushinta da haƙorin Makka.

Na zura hijabi, sai gidanta. Na tarar har an shimfiɗa tabarmi, wata tsohuwa ta taso a tasi tun daga Manhyia da ƙullin goro. Ga mamaciya a tsakiya tana cin wake da shinkafa.

"Shigo, 'yar nan," in ji ta. "Ashe tun jiya na mutu, ni kaɗai ce ban samu labari ba?"

Na durƙusa a gabanta. Wata daga baya ta ce, "Ei! Dama na faɗa, a kai wa masu shago a Adum. Wannan ba aikin matar gida ba ne."

Magajiya ta lashe yatsa. "Wadda ta binne ni ita za ta tono ni. Kafin la'asar."

Na koma gida na yi alwala, na zauna. Na haɗa kowane kai da hotunansa a akwati guda, yadda duk inda ya je tare za su tafi. Na cire awon da na ƙayyade, na bar faɗin ya bi girman allo, na ƙara girman rubutu saboda idon tsofaffi. Sannan na bi gidanmu ɗaki ɗaki ina aron tabilet, in miƙe ta, in kwantar da ita, in duba. Har ta Mma mai tsagaggen gilashi ban bari ba.

Ana kiran la'asar Magajiya ta dawo cikin masu rai. Da na koma gidanta, ta ɗaga tabilet ɗinta ta nuna wa kowa, ta ce ko ba tabarau tana karantawa. Yau ƙungiyoyi uku nake wa shafi, ciki har da ta waccan mai bakin. Darasin dai na ɗauka: abin da ya yi kyau a teburin mijinki, ki je ki gan shi a cinyar surukarki tukuna.

Zan fita daga gidan kenan ranar, jikar Magajiya 'yar shekara biyar ta riƙe gefen hijabina.

"Anti, idan kika ƙara kashe Kaka, ki bari sai bayan Sallah. Ita ke ɗinka mana kaya."