Rasuwar Akawun da Na Ce wa Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata tambaya da ta fi ƙarfina, nake sanar da 'yan Ƙungiyar Zuba Jari ta Ranar Alhamis, a nan Toledo, rasuwar manhajar lissafinmu, wadda kowa ya fi sani da Akawu. Tambayar ita ce: idan ka umarci ma'aikacinka ya rufe baki, ya bi umarni, aka cuci wani a cikin shirun nan, wa za a kama? Sati huɗu ke nan ina juya ta, ban samu amsar da za ta bar ni in ci abinci da daɗi ba.

Marigayiyar ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan teburin ɗakin girkina, tana da shekara goma sha tara. Ta zo mana ne a kan faifai cikin kwali, a shekarar da mu tara muka yi alkawarin ajiye dala ɗari-ɗari kowane wata mu sayi hannun jari. Ni, Leonard Dombek, tsohon mai walda a masana'antar gilashi, wanda bai taɓa zama ajin lissafin kuɗi ba sai abin da ya tsinta a ɗakin karatun unguwa, aka ba ni ma'aji saboda ni kaɗai nake da kwamfuta. Wannan ita ce cancantata gaba ɗaya, kuma na yi shekara goma sha tara ina tafiya kamar wanda aka zaɓa don hikima.

Za a tuna da Akawu da halaye masu kyau. Ba ta shan giya. Ba ta taɓa neman ƙarin albashi ba. Tana zana mana dukiyarmu a da'ira mai launi-launi, har mutumin da bai san komai ba ya gyaɗa kai kamar ya gane. Duk safiyar Litinin takan leƙa wurin dillalinmu ta intanet, ta kwaso abin da aka saya da abin da aka sayar, ta yi ƙarar nan tata, ƙilin, ta rubuta: "An sabunta komai." Da murya ɗaya take faɗin wannan ranar da gaskiya ne da ranar da ba gaskiya ba ne. Na san mutane masu irin wannan baiwa, amma su aƙalla idonsu yakan kauce.

Ciwon ajalinta ya fara ne a watan Maris na bara, lokacin da wani babban kamfanin dillanci ya haɗiye namu, ya aiko mana da wasiƙa cewa babu abin da zai canza sai alheri. Daga ranar Akawu ta ci gaba da kawo duk abin da muka saya da hannunmu, amma ta daina kawo ribar da kamfanoni ke biyan mu, wadda dillali ke mayarwa kai tsaye ya ƙara saya mana hannun jari. Ƙananan abubuwa ne, nan dala tamanin, can ɗari uku. Kuɗin suna nan lafiya a wurin dillali. A littafinmu ne kawai babu su.

Adalci ya sa dole in faɗi cewa ta yi magana sau ɗaya. Wata safiya ta fito da ɗan akwati a fuskar kwamfuta: "Adadin da ke nan bai yi daidai da na dillali ba." A ƙasa akwai wani ƙaramin gurbi: "Kar a sake nuna mini wannan." Kofina na hucewa, kuma na riga na yanke hukunci cewa sabon dillalin shashasha ne. Na danna gurbin. Ba ta sake nuna mini ba. Ban taɓa ganin biyayya irin wannan ba a wurin mutum ko dabba.

A watan Oktoba muka yi rashi na gaske, Chester Nowicki, wanda muka kafa ƙungiyar nan tare. Dokarmu ta ce a biya magada kashi ɗaya cikin tara. Loretta Szabo, wadda ta yi shekara talatin tana lissafin albashi a ofishin makarantu, ta ce a wurin taro: "Len, kafin ka rubuta wa matarsa Bernadine cek, kawo takardun dillalin nan mu bi su da fensir. Awa biyu ne kawai." Na ce mata, "Loretta, zamanin fensir ya wuce tare da ƙuruciyarki." Aka yi dariya, na ji daɗin dariyar. Takardun kuwa suna cikin kwalin takalmi a garejina, ko buɗe ambulan ɗin ban yi ba. Na biya matar Chester da adadin Akawu. Ta riƙe hannuna ta ce mijinta kullum yana cewa ni mutum ne da ba a bin bayan lissafinsa.

A watan Fabrairu takardar haraji ta zo daga dillali, ɗauke da ribar da littafinmu bai taɓa jin labarinta ba. Daga nan aka shiga jinya.

Ba mu yi wa marigayiya rowar magani ba. An raba ta da asusun dillali, an sake haɗa su. An canza lambar sirri sau huɗu. Na kira kamfanin da ya ƙera ta, na saurari kiɗa na minti hamsin, wata murya mai ladabi ta tambaye ni ko na gwada kashe kwamfutar in kunna, sannan ta ce matsalar daga dillali take. Na kira dillali, wata murya mai ladabi iri ɗaya ta ce matsalar daga manhaja take. Da waɗannan biyu za su auri juna, da an yi zaman lafiya, don babu wanda zai taɓa yin laifi a gidan. Na bi shawarar wani masani a dandalin intanet, na sa ta sake kwaso komai daga farko. Ta kwaso na kwana casa'in kacal, kuma kowanne sau biyu, har na yi kusan awa ɗaya ina attajiri. Duk da haka ta yi ƙilin, ta ce an sabunta komai.

A cikin wannan jinya na buɗe kwalin takalmin, ni kaɗai, da fensir. Awa biyu ne, kamar yadda aka faɗa. Ribar da ta ɓace daga Maris zuwa ranar biyan ta kai dala dubu goma da ɗari huɗu da arba'in. Rabon Bernadine a ciki dala dubu ɗaya da ɗari da sittin ne. Ba wanda ya sace su. Suna zaune a cikin rabon mu takwas da muka rage, kowa da ɗari da arba'in da biyar, har da ni.

Surukina Ray, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne, shi kaɗai na gaya wa. Ya ce, "Mutumina, ita ba ta sani ba, ta yi godiya, an rufe littafi. Za ka tashi tsohuwa daga makoki don ka ce mata kai wawa ne? Ka shigar da kuɗin a littafi a hankali ka yi shiru." Na ce masa ba zan faɗa ba. Na riƙe wannan magana sati uku. Na gina mata hujjoji masu kyau, irin waɗanda na saba ginawa a kan matsalolin mutanen da ke cikin littattafai: cewa kuskure ba sata ba ne, cewa wanda bai san ya rasa abu ba bai rasa ba. Kowace Lahadi ina gaishe da Bernadine a ƙofar coci da hujjojina a aljihu, ita kuma tana ba ni labarin injin ɗumama gidanta da take lallaɓawa ya kai ta bazara.

Ranar Talata na gano inda ake dawo da gargaɗin da aka kashe. Na danna. Ko daƙiƙa ba a yi ba akwatin ya fito, da kalmominsa na bara, ba ƙari ba ragi: "Adadin da ke nan bai yi daidai da na dillali ba." Wata goma sha ɗaya tana riƙe da wannan, tana yi mini ƙilin. Su ne kalmominta na ƙarshe. Na goge ta daga kwamfutar da hannuna. Na gaya wa kaina don ta gaza ne. Amma ban tabbata ba, wataƙila don ita kaɗai ce shaida.

Ta rasu ta bar faifai ɗaya da ba kwamfutar zamani da ke karɓarsa, da kwafin ajiya guda ashirin da shida, kowanne ɗauke da kuskuren cikin aminci. Ta bar wata ƙanwa, sabon samfurinta, da kamfanin ke so mu riƙa biya wa kuɗin haya duk shekara, wadda aka ce ta fi ta launi. Ta bar ma'aji ɗaya, wanda ke ajiye aiki da wannan sanarwa.

Ranar Lahadi bayan coci na bi Bernadine har gida, na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata adadin. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce sati uku. Ta ce, "Sati uku kana tambayata lafiyar injina. To, Leonard, ni ka gama da ni. Sauran ka faɗa musu da bakinka, a tsaye."

Za a yi jana'izar ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a ɗakin baya na gidan abincin da muka saba taro. Loretta Szabo ce za ta jagoranta, ni zan ɗauko mata kwalin takalmin daga mota, kuma tana da izinin faɗin duk abin da ta ga dama game da fensir. Bernadine za ta zauna a kujerar Chester. Bayan an bi takardun layi-layi, zan miƙe in karanta adadin. Ba a buƙatar furanni, ba za a yi zaman makoki ba. Kowa ya zo da tabaransa da cek na dala ɗari da arba'in da biyar da sunan Bernadine Nowicki. Ray, har da kai. Nawa na riga na sa hannu.