Bindigar Kakan Rahama

Ba zan taɓa mantawa da wayar da ke naɗe a gindin bindigar nan ba. Malamar tarihinmu a Bronx ce ta ce kowa ya kawo tsohon hoton danginsa, ɗaya za a zaɓa a kafe a zauren makaranta. Na kawo na kakana, wanda ya ɗauka a Kumasi yana saurayi, riƙe da bindiga. Na tabbata nawa za a ɗauka.

Sai ga Rahama, 'yar unguwar Highbridge, ita ma da hoton kakanta da bindigarsa. Malama ta ɗaga hoton sama. Ta nuna mana zoben ƙarfen da ke ƙasan bindigar, wanda ake ja ƙasa a mayar kafin a harba. Ta ce irin ta tsoffin finafinan kaboyi ce, samunta a hoton Afirka ba ƙaramin abu ba ne. Rahama ta ce kakanta maharbi ne, ya kashe damisa. Aka tafa mata. (Ni kuma nawa na cikin jaka, kunya ta hana ni fito da shi.)

Da hoton ya zagayo hannuna na ƙura masa ido, don dama halina ke nan, leƙen abin da ke bayan hoto. Labule mai zanen jirgin sama a baya. Tukunyar fure a gefe. Gindin bindigar a tsage, an naɗe shi da waya. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, ranar na ɗaga.

"Wannan ba daji ba ne, shagon mai hoto ne," na ce. "Bindigar ma ta mai hoto ce, aro ake bayarwa. Ta kakana ce ta gaske." Na zaro nawa na ajiye a tebur.

Malama ta jera su biyu. Rahama ta sunkuya, ta ɗago, ta ce da Hausa, "'Yar'uwa, kakanki ma a jirgin nan ya tafi farauta?"

Labule ɗaya. Tukunyar fure ɗaya. Waya ɗaya, har da ƙarshenta da ya lanƙwashe. Shekara nawa hoton nan na rataye a falonmu, ban taɓa kallon komai ba sai fuskar kaka.

Da na kai wa Umma ƙara, dariya ta yi har ta saki ludayi. "Baba? Tela ne fa! Ko kaza sai ya kira maƙwabci ya yanka masa."

Duka biyun aka kafe, gefe da gefe, da sunan Rahama a sama. Yanzu kafin in leƙa bayan hoton wani, sai na fara duba labulen gidanmu.