Bindiga a Sahun Gaba

Na daɗe a wani shagon kayan wasa a kasuwar Batha ina zaɓen bindigar da zan kai wa ɗana tsaraba. Na ƙi koriya, na ƙi mai fesa ruwa. Na ɗauki baƙa mai nauyi, sak ta gaske, ina yaba wa kaina iya zaɓe.

Sai a hanyar komawa ɗakinmu na haya a unguwar Manfuha na tuna cewa baƙon da ke lallaɓa iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar mutane, ba ya yawo da irin wannan a leda. Na soke ta a ƙugun wando, jallabiya ta rufe, na shiga sallar Magariba, sahun gaba ma kuwa.

Ashe mai shagon ya sa mata batir. Ina yin ruku'u, tumbina ya danne kunamar. Ta shiga ɓarin wuta, ta biyo da jiniya. Na kusa da ni suka dare, liman ya ƙarasa sallar a gurguje.

Bayan sallama, wani dattijon ɗakinmu ya dafa ni ya ce, "Ɗana, ajiye makamin mu yi addu'a."

Har yau in na shigo ɗaki, sai kowa ya ɗaga hannu sama: "Kwamanda, mun miƙa wuya."