Kaɗan ɗin Baffa, Kaɗan ɗin Baƙo

"Wai Nata'ala, ƙasar nan da ka je, su ma suna da yarensu, ko Turancin ne kowa yake yi?"

Inna ce, uwar mijina, ta yi tambayar. Ni ina bayan zana ina tankaɗen gero, ban sa baki ba, amma kunne ai ba shi da murfi. Da Inna ta san ƙofar da ta buɗe, da ta haɗiye tambayarta ta kora da ruwa.

Yaya Nata'ala, wan mijina, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Yare? Inna, harshen Lituwaniya ai shi ne kakan harsuna! Sauran Turawa ma tsoronsa suke yi. Ni kuwa shanye shi na yi kamar kunu. Ranar da zan taho mutanen garin har kuka suka yi, wai wa zai riƙa gyara musu magana."

"Ikon Allah," in ji Inna.

Bari in gaya miki waye Yaya, 'yar'uwa. Karatu aka tura shi can, sanyi ɗaya ya yi ya dawo. Bai zo da takarda ba, sai wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya, wadda ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa sai ya rataya ta a kafaɗa. Tun daga nan ba a gama magana a gidanmu sai ta bi ta Lituwaniya. Akuya ta haihu, a Lituwaniya huɗu suke haifa. Miya ta yi gishiri, a Lituwaniya sai a kai mai girkin ƙara. A bayan idonsa Baturen Ruga ake ce masa.

To sai ga labari daga cikin Dutse, wai wani likitan dabbobi ɗan can ƙasar ya zo da wata ƙungiya, suna bin rugage suna yi wa shanu allurar rigakafin ciwon huhu. Wannan ba abin wasa ba ne a wurinmu. Bara ciwon ya shiga garken maƙwabtanmu, sai igiyoyi ya bar musu. Surukina, Baffa Modibbo, ya ƙagu a zo. Ni ma haka, don akwai karsanata a garken, wadda mahaifina ya ba ni da zan tare.

Ranar da likitan ya zo duba wuri, hantsi ya yi, maigidana ya riga ya fita da garke kiwo. Ba abin da ya rage a turke sai 'yan maruƙa da tsofaffin shanu da ba sa iya nisa. Mota ta tsaya, wani dogon mutum ya fito, rana ta mayar da shi ja kamar gauta. Dakta Rimas sunansa. Tare da shi akwai Malam Tasi'u, mai juya masa magana daga Turanci zuwa Hausa.

Yaya ya tare shi tun daga bakin mota, shadda tana ƙara, riga mai gashi a kafaɗa.

"Malam Tasi'u, yau ka huta. Idan ga uwa a tsaye, ba a neman mai raino."

Malam Tasi'u ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya koma mota ya rufe ƙofa yana shan sanyi.

Yaya ya buɗe hannuwa, ya jefa masa gaisuwar ƙasarsu. "Labas!"

Wayyo, baƙon nan kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Ya rungume Yaya, ya shiga zuba magana kamar an fasa tulu. Yaya yana ta gyaɗa kai, murmushin yana bushewa a fuskarsa.

Baffa ya ce, "Me ya ce?"

"Ya ce sannu."

"Duk wannan?"

"Sannunsu doguwa ce, Baffa. Saboda sanyi, sai an ɗumama baki."

Ni dai ina leƙe ta hudar zana, kuma na san iyakar jarin Yaya, don kullum da shi yake cika mana kunne. Duk a layin karɓar abinci ya tara shi, wurin matar da ke riƙe da ludayi. Idan ta ce "kiyek," nawa ke nan. "Daug" da yawa, "majai" kaɗan, "turuputi" ɗan mitsitsi, "keli" 'yan ƙalilan da za a iya nunawa da yatsu. Idan magana ta wuce bakin kwano, Yaya ya zama kurma.

Sai Allah ya kawo masa ranarsa. Likita ya nuna turke ya ce, "Kiyek?"

Yaya ya yi tsalle kamar an kira lambarsa. "Baffa, cewa ya yi shanunka nawa ne!"

To ke ma kin sani, ba a yi wa mai shanu wannan tambayar. Ba ya faɗa. Baki yana cin dukiya, kuma tun zamanin jangali kakanni suka koya wa 'ya'yansu rufe lissafi a ciki. Ko garken ya cika daji, amsar ɗaya ce. Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

"Alhamdu lillahi. 'Yan kaɗan ne, na shan nonon yara."

Ko jaririn gidanmu ya san abin da Baffa yake nufi. Amma Yaya ya ga kalmar da ya iya ta faɗo masa a hannu, ina zai bari ta wuce?

"Majai!" ya faɗa da ƙarfi, yana waiwaye ko mata sun ji.

Likita ya dubi maruƙan, ya ɗaga yatsu. "Keli?"

"Keli, keli!" Yaya ya juyo. "Baffa, ka ji yadda muke hira?"

Aka ce a kawo wa baƙo fura. Na ja mayafi har hanci na kai, na durƙusa. Likita ya haɗa yatsu biyu ya ce, "Turuputi."

"Kunya yake ji," in ji Yaya. "Na san halinsu. Munira, mayar da wannan kofin, ɗauko babbar ƙwaryar Inna."

Bawan Allah ya sha don kada a ce ya raina. Ya ajiye, Yaya ya ƙara. Ya ce "turuputi" cikin muryar roƙo, Yaya ya ce, "Kin ji, ta yi masa daɗi." Sai da mutumin nan ya sassauta bel ɗin wandonsa, ya shiga mota a karkace kamar mai tsohon ciki. Ina wanke ƙwarya ina tunani: kaɗan ɗin Baffa mai nufin tuli, Yaya ya miƙa shi ɗanye yadda yake. Kaɗan ɗin baƙo mai nufin kaɗan, shi ya ninka. Amma wace ni in gyara wa wan miji magana?

Washegari ba a fita kiwo ba. Aka tara garke kaf a fili, ƙaho bayan ƙaho har gindin duwatsu. Mota ta iso. Likita ya fito da wata 'yar kula a hannu, irin ta mai tallar kunun aya. Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, shanu ba su ragu ba.

"Majai?" ya ce da Yaya.

Wannan karon ba wanda ya hana Malam Tasi'u magana, shi ma bai yi sauri ba, sai da ya gama gyara hularsa.

"Baffa, likita ya ce an gaya masa 'yan ƙalilan ne, ya zo da maganin 'yan ƙalilan. Ragowar an wuce da shi wata ruga can wajen Buji. Gobe za a ƙare a can, maganin ba ya jiran kowa a zafin nan."

Na hango karsanata a tsakiyar garke tana tuƙa, ba ta san komai ba.

Yaya ya ga jirgi zai nutse. Ya ruga wurin likita yana buɗa hannuwa. "Daug! Daug!"

Likita ya dafe ciki ya ja da baya, ya fito da Hausar da ya kwana yana koya: "Na ƙoshi! Na ƙoshi!"

Makiyaya suka kwashe da dariya, har da masu faɗuwa a kan sanda.

"Ba laifina ba ne," in ji Yaya yana share gumi da gashin rigar. "Mutumin nan yaren ƙauye yake yi. Ni na birni na iya."

Baffa bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Ya karɓi sanda daga hannun maigidana ya miƙa wa Yaya.

"Nata'ala, tunda da baki ka rage su, sai ka kai su da ƙafa."

"Baffa, takalmin nan na ofis ne…"

"Shanu ba sa duba takalmi."

Haka aka kaɗa garke, Baturen Ruga a baya da shadda da sanda, yana tsallake kashin shanu kamar mai wasan 'yar gala-gala.

Ranar dawowarsu da la'asar na fita bakin gona tsinkar yakuwa. Sai ga amalanken wani mutum tafe, mai kai maraƙi kasuwa. A cikin amalanken, kwance a kan ciyawa, wa zan gani? Yaya. Takalma a rataye a wuya, ƙafafu sun kumbura kamar rogo, maraƙin kuwa ya yi matashi da cinyarsa. Na duƙa a cikin dawa. Da suka zo bayan kukar gidanmu ya sauko yana nishi, ya tura ƙafa cikin takalmi da ƙyar, ya miƙe wuya, ya shiga gida yana dogara sanda kamar wanda ya ci yaƙi.

Na bi ta baya na shige madafa.

"Makiyayan ma na baro su a hanya," na ji Yaya yana gaya wa Inna. "Tafiyar Turai daban ce. An yi wa kowace saniya allura, kuma ni na riƙe wa likita kwalba. Kin ga ma inda maganin ya zubo min."

Ya nuna wani faffaɗan jirwaye rawaya daga cinyar shaddar har gwiwa.

Baffa ya taso daga buzunsa, ya sunkuya, ya shinshina sau ɗaya. Mutumin da aka haifa a turke.

"Allah mai iko," ya ce. "Ashe maganin Turawa da fitsarin maraƙi uwa ɗaya uba ɗaya suke."

Garke bai iso ba sai gab da magariba. Karsanata ta shigo da shuɗin fenti a gadon baya, alamar an yi mata. Maigidana ya leƙo madafa ya same ni na cusa mayafi a baki, kafaɗuna suna rawa, hawaye na zuba.

"Ke lafiya?"

"Hayaƙi ne," na ce.

Ya dubi murhu, ko wuta ban hura ba. Na so in gaya masa zancen amalanke, har ya zo min bakin harshe. Sai na jiyo Yaya a tsakar gida yana roƙon Inna ruwan zafi a ƙasa-ƙasa, na ce a raina abin da ya samu ya ishe shi. Na ɗauki ashana na hura wuta.